Dusar Jakin Shihata

A ranar Asabar, uku ga watan Oktoba na shekarar 2009, wadda ta yi daidai da ashirin da uku ga watan Tut a lissafin manomanmu, aka zuba 'ya'yan kifin buri dubu arba'in a tafkunan reno guda biyu na gonar Alhaji Tulba, kudu da tafkin Burullus, kusa da inda kogin Nilu yake shiga teku. Ina wurin, kuma ni na rubuta takardar yarjejeniyar da hannuna. Na fara da kwanan wata ne saboda labarin ya zaga gidajen shayi daga Baltim har Hamul, kowane baki ya ƙara masa abin da ya ga dama, har na ji wani direba yana rantsuwa wai a gonar kawunsa abin ya faru. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma ba ni da haƙuri da labarin da ba shi da rana.

Ni da Alhaji Tulba mun zauna a benci ɗaya a makarantar firamare. Shi ya gudu daga aji uku, ni na zarce har jami'a a Iskandariya. Sakamakon haka ya mallaki fadan sittin na ruwa, wato kusan eka sittin, ni kuma na mallaki fansho da tabarau. Duk abin da ya shafi alƙalami ni yake kira, ba don yana girmama ilimi ba, sai don ba na karɓar ko sisi.

Ɗa namiji ɗaya gare shi, Midhat. Yaron ya yi karatun aikin gona, sannan mahaifinsa ya tura shi kwas na wata huɗu a wata ƙasa mai sanyi, inda kifin da suke kiwo yake tsalle ya cafke abincinsa a saman ruwa. Ya dawo da hula mai baki, da kalmomi guda biyar ko shida da ba ya gajiya da maimaita su, da kuma wani injin ciyar da kifi a cikin akwatin katako. Daga ranar da ya sauka, kowa ya koma kiransa Injiniya, har da mahaifiyarsa.

Mutum na uku shi ne Shihata, wanda a lokacin ake ce wa Rayyis Shihata, wato shugaban aiki. Ya zo gonar a 1981, sa'ad da wurin yake fili ne na gishiri da ciyayin fadama, kuma tun daga shekarar duk ɗan kifin da ya rayu a gonar ta hannunsa ya bi. Ɗakinsa na tubalin laka yana kan gaɓar da ta raba tafkunan renon biyu, da bishiyar gwaiba a ƙofa wadda matarsa ta dasa. A ɗakin ta rasu a 2003. Ba shi da wani gida a duniya. 'Yarsa tana aure a birnin Kafrul Shaikh, a hawa na huɗu na wani bene, inda ya taɓa kwana biyu ya dawo yana cewa ruwa ɗaya da ya gani shi ne na famfo.

Wannan ɗaki Injiniya ya sa wa ido. Ya ce nan ne ya fi dacewa a gina ma'ajiyar abincin injin, kuma idan inji ya fara aiki babu sauran bukatar tsoho mai kwaɓa dusa da hannu.

Wajibi ne in faɗi wani abu game da buri, domin duk wautar da ta biyo baya daga rashin saninsa ta fito. Kakanninmu sun zana shi a bangon kaburburan Saƙƙara fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce, kuma halinsa bai sauya ba. Ba ya haihuwa a tafkinmu. A teku yake zuba ƙwai, 'ya'yan su taso zuwa mashigar tafki a ƙarshen zafi, kowanne bai kai tsinken ashana ba, a kama su da raga mai laushi. Kifi ne mai sunkuyar da kai. A cikin laka yake kiwo, yana tace ta, kuma yana da ƙundu kamar na kaza da yake niƙa abin da ya tsinta. Kafin a tare Nilu a 1964, ambaliya ce take kawo masa abincinsa kyauta kowace shekara. Da aka tare ta, sai ciyarwar ta dawo wuyan mutane irin su Shihata.

Ga yadda yake yi. Yakan busar da tafki har ƙasa ta tsage, ya watsa kashin kaji, ya saki ruwa iya idon sawu, ya jira har ruwan ya yi kore. A makon farko yakan tankaɗe dusar shinkafa da rariyar marigayiya, ya barbaɗa garin a kan ruwa. Bayan haka yakan kwaɓa dusar da ɗan garin busasshen kifi da ragowar ƙullun jiya, ya bar ta ta yi tsami, ya dunƙula, ya ajiye a kan faifayen kaba da ya nutsar a ƙasan ruwa. Warin wannan ƙullu ba ya barin hannunsa ko ranar Juma'a.

Injiniya ya kira wannan duka ƙazanta. A gidan shayi ya faɗa, a gaban mutane, ya ƙara da cewa abincinsa yana ɗauke da sinadarin gina jiki kashi arba'in cikin ɗari, alhali dusar Baba Shihata abincin jaki ce. Mahaifinsa yana gefe yana gyaɗa kai, fuskarsa cike da alfahari, domin bai fahimci komai ba kuma ya biya kuɗin kwas.

Duk da haka Alhaji bai iya korar mutumin da ya yi masa shekara ashirin da takwas haka kawai ba. Sai ya yi abin da masu kuɗi suke yi idan suna son zalunci ya fito da rigar adalci: ya shirya gasa. Tafki ɗaya na Injiniya, ɗaya na Shihata, kowanne da 'ya'yan kifi dubu ashirin, kwana arba'in da biyar. Idan inji ya yi nasara, a rushe ɗakin, Shihata ya tafi wurin 'yarsa. Idan dusa ta yi nasara, a mayar da injin cikin akwatinsa. Injiniya ne ya faɗi sharuɗɗan, ni ina rubutawa. Sharaɗi na uku ya ce za a ɗebi kifi ɗari daga kowane tafki a auna, wanda nasa suka fi nauyi shi ya ci. Na huɗu ya ce dusar Shihata za ta zauna a kulle, a riƙa auna masa rabon tafki ɗaya kowace safiya don kada ya yi maguɗi. Na rubuta duka biyun da kyakkyawan rubutu, ban tsaya na yi tunani a kan ko ɗaya ba.

Shihata ne ya je mashigar teku ya ɗauko 'ya'yan kifin gaba ɗaya, nasa da na abokin gasarsa, domin babu wani a gonar da ya san yadda ake sabar musu da ruwan daɗi. Awa biyar ya yi a tsugune kusa da tankunan, yana ƙara musu ruwan tafki kofi bayan kofi, yana ɗanɗana gishirin da harshensa. Injiniya yana tsaye a inuwa yana duba agogo.

Tafkin Injiniya abin kallo ne. Ya sa an kankare lakar ƙasansa tas, aka shimfiɗa baƙar leda daga gaɓa zuwa gaɓa, aka cika shi da ruwa mai haske wanda za ka iya ganin fuskarka a ciki. A bakin gaɓa aka kafa injin a kan ƙafafu uku. Duk bayan awa biyu sai ya yi ƙara, ya watsa ƙwayoyin abinci masu yawo a saman ruwa, kowace ƙwaya kamar ta dawa. Mutane suka yi ta zuwa daga gonakin maƙwabta suna jiran lokacin watsawar kamar masu jiran ganin wata.

Bakin ɗan buri a wannan lokaci bai kai ƙwayar gero ba. Ƙwayoyin suka riƙa yawo a sama, 'ya'yan kifin suna ƙasa suna goga baki a jikin leda. Iskar arewa takan tattara abincin a kusurwar kudu, kuma kafin kwana uku balbelu da tsuntsayen teku sun haddace lokutan injin fiye da yadda ɗalibaina suka taɓa haddace lokacin ƙararrawa. Su cinye ƙwayoyin, sannan su wanke baki da 'ya'yan kifin da yunwa ta taso da su sama.

A rana ta shida na sunkuya na karanta rubutun da ke jikin buhun, tun da na iya harshen. An rubuta a fili cewa abincin na kifin da ya kai tsawon tafin hannu ne. Na ja Injiniya gefe na gaya masa a hankali, don kada ma'aikata su ji. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, ya ce tarihi daban, kimiyya daban, kuma kifi yakan saba da abin da aka ba shi idan yunwa ta kama shi sosai. Na taɓa ba wannan yaro maki huɗu cikin ashirin a jarrabawar aji biyu. A ranar na gane na yi masa sassauci.

Likita ya umarce ni da tafiyar ƙafa kowace safiya, don haka bayan sallar asuba nakan bi gaɓar gonar. Ranar Alhamis, sha biyar ga Oktoba, rana ta goma sha biyu ta gasar, gari ya fara haske na hango mutum a cikin tafkin Injiniya, ruwa iya cinya, ya naɗe rigarsa a ƙugu. Shihata ne. Yana nutsar da faifan kaba a kusurwar da bishiyar gwaiba ta kare daga idon mai zuwa daga hanya. A kan gaɓa ga kwanon ƙullunsa, an raba abin da ke ciki gida biyu da gefen hannu.

Na tsaya har ya fito. Bai firgita ba, ya gaishe ni, ya tambayi gwiwata.

Na ce, "Shihata, ka san abin da kake yi kuwa? Kana ciyar da wanda zai rushe maka ɗaki."

Ya matse gefen rigarsa. "Injiniya nake ciyarwa, Ustaz? Injiniya ƙwai uku yake ci da safe, ba ya bukatata. Waɗannan ba su san Injiniya ba. Ni na ɗauko su daga bakin teku."

Na tuna masa cewa rabon tafki ɗaya ake auna masa, idan ya raba biyu nasa ne za su rame. Ya ce ya sani. Ya ce nasa suna da koren ruwa da laka, za su lallaɓa, amma waɗannan an zuba su a cikin kwano ne an ce su ci duwatsu. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana daurewa, yana kwashe matattu da safe kafin Injiniya ya iso don kada yaron ya ji kunya, jiya kuma da ya sa hannu a ruwan sai suka taru suna tsotsar yatsunsa saboda warin ƙullu.

"To me zan ce musu, Ustaz? In ce su yi haƙuri, akwai takarda?"

Na ce zan gaya wa Alhaji. A nan ne kawai ya ɗaga kai ya dube ni sosai. Ya ce idan na faɗa, Injiniya zai sa mai gadi a tafkin, sauran su mutu kafin mako. Ya roƙe ni in ci gaba da tafiyata kamar yadda likita ya ce, in riƙa kallon gabana saboda gaɓar tana da santsi. Na bi shawararsa har kwana talatin da uku. Nakan gaya wa kaina cewa tausayin kifin ne ya rufe mini baki. Gaskiyar ita ce Alhaji yakan aiko mini da buri biyu manya kowace Juma'a, kuma ba na son ganin fuskarsa idan aka ce masa ɗansa jahili ne.

Daga wannan rana mutuwa ta tsaya a tafkin Injiniya. Waɗanda suka rage, da yake sun yi kaɗan, suka samu fili da rabin ƙullun Shihata, har da ɓurɓushin ƙwayoyin da suka jiƙe suka nutse, sai suka fara ƙiba. Injiniya ya lura. Ya riƙa kawo baƙi yana nuna musu, yana bayani cewa kifin sun kammala abin da ya kira matakin sabawa, daidai yadda aka koya musu a ƙasar waje. Ya sayi littafi mai bangon fata yana rubuta sakamako. A gidan shayi ya ce yana tausayin Baba Shihata, kuma da kansa zai kai shi tashar mota.

Ranar Talata, sha bakwai ga Nuwamba, takwas ga watan Hatur, saura kwana goma Babbar Sallah, aka yi awo. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyar gwaiba, aka kawo shayi. Maƙwabta masu gonaki sun zo, wakilin masu sayar da injin ma ya zo da takalmi mai sheƙi yana taka gaɓa kamar mai tsoron ta cije shi. Nabawiyya ma ta zo, wadda ta shekara arba'in tana sayen burin yankin tana yi masa gishiri a ganga don bikin bazara. Ba a gayyace ta ba. Ba a taɓa gayyatarta ko'ina ba, kuma ba a taɓa yin wani abu a yankin babu ita ba.

Aka ja raga a tafkin Shihata, sai da mutum huɗu suka kama kafin ta fito, tana tafasa da ƙananan kifi masu walƙiya. Aka ja a tafkin Injiniya, mutum ɗaya ya fito da ita da hannu ɗaya. Duk mai ido ya ga cewa a tafkin Shihata kusan dubu goma sha bakwai suka rayu, a na Injiniya kuwa da ƙyar su kai dubu bakwai. Amma sharaɗi na uku bai ce a ƙidaya masu rai ba, kuma ni na rubuta shi. Aka ɗebi ɗari-ɗari aka ɗora a sikeli. Na Shihata giram ɗari biyu da arba'in. Na Injiniya giram ɗari uku da goma.

Wakilin masu injin ya fara tafi. Injiniya ya cire hularsa ya mayar. Shihata yana tsugune yana mayar da kifinsa cikin ruwa da tafin hannu, bai juyo ba.

Nabawiyya ta miƙa hannu cikin kwanon Injiniya ta ɗauki kifi ɗaya, ta ce ita ba ta taɓa yabon kifin da ba ta ga cikinsa ba. Ta kwance reza daga bakin gyalenta, ta tsaga shi a kan babban yatsanta, ta fito da ƙundun, wanda bai fi ƙwayar barkono ba, ta fasa. Ta duba, ta shinshina. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku.

"Injiniya, ɗana," ta ce, da muryar da take tambayar farashi, "wannan injin naka a wace kasuwa yake sayen dusar shinkafa?"

Injiniya ya ce ba dusa ba ce, abincin ne yakan sauya kama a cikin hanji, akwai bayanin haka a littafi. Ta ce to madalla, ita ba ta yi karatu ba, amma abin ya sauya kama har da tsamin jiya. Ta miƙa wa Alhaji yatsanta.

Alhaji Tulba bai iya karanta jarida ba, amma wannan wari ya san shi tun 1981. Na ga hancinsa ya gane kafin kansa ya yarda. Ya dubi Shihata, wanda ya samu wani abin sha'awa a cikin ganyen gwaiba. Ya dubi ɗansa, da maƙwabtan da ya shafe wata shida yana cika wa kunne da labarin kwas. Sannan ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ni kuwa na cire tabarau na shiga goge shi da gefen riga, aikin da ya ɗauke ni lokaci mai tsawo.

Kowa a wurin ya fahimta, har wakilin masu injin, wanda ya daina tafi ya sa hannu a aljihu. Kalma ɗaya daga bakin Alhaji za ta mayar da injin cikin akwati ta bar ɗansa abin dariya daga nan har Baltim. Wata kalmar kuma za ta tura Shihata hawa na huɗu, ta bar gonar ba mai ciyar da 'ya'yan kifin baɗi. Na san shi tun muna yara, ban taɓa ganin ya zaɓi abu ɗaya ba idan akwai hanyar riƙe biyu.

Ya goge hancinsa ya ce sikeli ba ya ƙarya, inji ya yi nasara, kuma yana yi wa Injiniya murna. Aka yi ta sa albarka. Sai ya ɗaga hannu ya ce bai gama ba. Inji mai tsada irin wannan ba a barinsa a fili babu mai gadi, kuma mai gadi dole ya kwana kusa da abin da yake gadi, saboda haka ɗakin zai tsaya, a nemi wani wuri a gina ma'ajiya. Shihata ya sauka daga shugabancin reno daga yau, ya zama mai gadin inji.

"Ustaz, rubuta," ya ce mini. "Kuma a riƙa ba mai gadi buhu biyu na dusar shinkafa kowane mako, saboda jakinsa."

Wani maƙwabci, mutum mai saurin baki da jinkirin fahimta, ya tambaya ko Shihata yana da jaki.

"Yana da shi," in ji Alhaji.

Nabawiyya ta naɗe rezarta ta ce ita ma ta sha ganinsa, fari ne mai baƙin kunne, Allah ya raya shi. Na mayar da tabarau na rubuta. Ni da na shekara talatin da huɗu ina ja wa yara kunne a kan bambancin abin da ya faru da abin da aka ce ya faru, na rubuta nasarar inji, na rubuta jaki, na sa hannu, na sa kwanan wata na Miladiyya da na Hijira.

Abin da ya biyo baya kowa a yankin ya sani. Injiniya ya ba da lacca a taron masu gonakin kifi, da hotuna. A kakar 2010 maƙwabta huɗu suka sayi injin, suka kankare laka, suka shimfiɗa leda, suka sallami tsofaffinsu, kuma kafin wata ɗaya suka ciyar da balbelun lardin gaba ɗaya. Da suka zo wurin Alhaji suna kuka, sai ya tambaye su cikin natsuwa ko sun ɗauki mai gadi, ko kuma mai gadin yana da jaki. Ba su ce injin ba ya aiki ba, domin wanda ya faɗi haka ya amsa cewa an cuce shi. Suka je suka dawo da tsofaffin a kan rabin albashi. A ƙidayar da na yi a ƙarshen 2012, akwai inji goma sha ɗaya a gonakin da ke tsakaninmu da babbar hanya, da jakuna goma sha ɗaya a rubuce. Jakunan da na gani da idona a wannan yanki biyu ne, dukansu na mai sayar da tukunyar gas.

An sha tambayata ko Injiniya ya sani. Abin da zan iya tabbatarwa shi ne bai taɓa neman ganin jakin ba, kuma da ya faɗaɗa reno zuwa tafki shida, da kansa ya ƙara wa dabbar abinci zuwa buhu tara a mako. A shekara ta biyu kuma ledar ta ɓace daga ƙasan tafkunan ba tare da sanarwa ba, aka ce wanki aka kai ta.

Shihata yana ɗakinsa har yanzu. Da asuba yana cikin ruwa da faifansa, da hantsi yana zaune kusa da injin yana korar tsuntsaye idan an kawo baƙi. Ba a ƙara ce masa Rayyis ba. A da, masu gonaki sukan turo 'ya'yansu su zauna da shi kaka guda su koyi tankaɗe da kwaɓi da ɗanɗanar gishiri. Yanzu wurin Injiniya ake tura su, su koyi danna maɓalli, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san yadda koren ruwa ya kamata ya yi wari.

A bazarar da ta wuce na zauna da shi a ƙarƙashin gwaibar, ya dafa mana shayi a gwangwani. Ya ce ya daɗe yana son ya tambaye ni abu ɗaya, tun da shi bai iya karatu ba: takardar nan da na rubuta ranar awo, tana nan? Na ce tana nan, kwafi ɗaya a wurin Alhaji, ɗaya a wurina. Ya tambaya ko sunansa yana ciki. Na yi tunani, domin ba na son in ba shi amsar da ban tabbatar ba. Sunan Alhaji yana ciki, da na Injiniya, da nawa, da sunan injin da lambarsa. Shi kuwa a farko an rubuta ɓangare na biyu, a ƙarshe an rubuta mai gadi.

Na gaya masa haka. Ya juya shayinsa.

"Jakin fa?"

Na ce jakin yana ciki, a layi na goma sha tara.

Ya ce to ba laifi, ai gara da aka rubuta ɗayanmu. Injin ya yi ƙara ya watsa ƙwayoyinsa, balbelu suka taso daga gaɓa, shi kuma ya miƙe ya je duba ƙullun gobe.